Kulu, Kada Ki Nemi Yayanki a Karar Sakkwato

Talata Mafara.

Assalamu alaikum, ɗiyata Hauwa'u Kulu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Lokacin da takardar nan za ta zo hannunki kin riga kin sauka Sakkwato, don cikin daddumarki na naɗe ta, na san kuma sai kin tashi sallah za ki warware. To, sannu da hanya. Ya gajiya, ya baƙunta, ya kika samu mutanen ɗakin naku? Allah ya sa kin shiga a sa'a, ya tsare ki gaba da baya, ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronsa. Innarki na gaishe ki, ko da yake ba ta san na rubuta ba.

Kin san ni da baki. A kara, kasuwar shanu, idan ina ciniki, har daga bakin titi ana jin muryata. Amma kwana uku ina kewaya ki a tsakar gida kina haɗa kaya na kasa magana, sai tambayar banza nake miki, kin ɗauki bokiti, kin ɗauki tocila. Shi ya sa na koma ga biro. Rubutun kuwa na ajin yaƙi da jahilci ne, inda ya gagare ki sai ki yi haƙuri ki canka.

Na san abin da ya kai ki Sakkwato. Makarantar koyon jinya ta Gusau ta ba ki gurbi, kika ce ke sai Sakkwato, wai malamansu sun fi iya koyarwa. Na yi kamar na yarda. Shekaranjiya direban da zai ɗauke ki ya tsaya rumfata sayen nama, yana dariya ya ce, "Malam, ɗiyar taka sana'ar gida za ta gada? Sai tambayata ta ka yi ina karar shanu take Sakkwato, da ranar da ta ka ci." Na yi masa dariyar yaƙe, amma wuƙa ta kusa suɓuce mini. Ba shanu za ki je dubawa ba, Kulu. Yayanki za ki nema, saboda kin gan shi a mafarki yana tsaye a karar nan, kuma cikin mafarkin kin san mafarki kike yi, kin ga komai tar, shi ya sa kika gaskata. Ina tsoron ki bar aji ki shiga bin kasuwanni, yau Sakkwato gobe wani gari, har a kore ki daga makaranta ko wani abu ya same ki a hanya. Na san inda wannan tafiyar take kai mutum, don na yi ta kusan shekara biyar.

Shekara bakwai ke nan. Wani manomi a Tsibiri ya aiko cewa zai sayar da shanun huɗarsa biyu. Ni ya kamata in je, amma ƙafata na ciwo, na ce wa yayanki ya hau babur ya dubo su ya dawo kafin la'asar. Mutanen Maradun sun ga wucewarsa. Mutanen Tsibiri ba su ga isowarsa ba. Kin san yadda hanyoyinmu suka zama a shekarun nan. Babu wanda ya kira mu, ba a tsinci babur ba, ba a kawo gawa ba. Da an kawo, da mun yi masa sutura, mun karɓi gaisuwa, mun ci gaba da cin tuwo da hawaye irin na sauran mutane. Sai aka bar mu tsaye, wanda ya shigo gidan bai san ko ta'aziyya zai yi mana ko ya ce Allah ya bayyana ba.

Wannan abu na gane mafarki ina cikinsa ba rashin yayanki ne ya kawo mini shi ba. Tun ina saurayi nake da shi, kuma sana'a ce ta ba ni. Kakanki, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda a taya bijimi ba a buɗe bakinsa ba. Ko mai shi ya rantse shekararsa uku, sai ya ce mini, "Buɗe ka ƙidaya da idonka." Saniya haƙoranta na gaba takwas ne, duk a ƙasa, sama kuwa dasashi ne kawai, kuma da su ake gane shekarunta. Na buɗe bakin shanu har abin ya zame mini jiki, ko ba saye zan yi ba hannuna na kaiwa ga leɓe. Wata rana ina ƙailula a rumfa bayan azahar na yi mafarki ina kara, na kama wani farin sa na buɗe bakinsa, sai ga haƙora reras a sama kamar na jaki. Na ce, kai, sa da haƙoran sama? Ai wannan mafarki ne. Ina faɗin haka wuri ya washe, na ji ƙasa ƙarƙashin ƙafata, na ji warin kashin shanu, ina sane sarai cewa gangar jikina na kwance kan benci a Mafara. Daga ranar na samu abin wasa. Mutane na cewa wanda ya yi mafarkin ɗanyen nama ya shirya jin mutuwa. Ni da nake ganinsa kullum, da gaskiya ne ai da tuni na ƙarar da mutanen gari.

Tunda kin gaji abin, ba zan ce ki daina mafarki ba, wannan ba a hannunki yake ba. Amma idan za ki shiga, ki shiga da cikakken hankali, don rabin hankali ne ya cuce ni. Da rana ake tara shi. Abin da kike yi a farke da natsuwa, kina dubansa da gaske, shi zai bi ki can. Ke ba shanu gare ki ba, amma za su sa ki riƙa duba agogo kina ƙirga bugun jinin marasa lafiya. Duk lokacin da kika duba, ki kau da kai ki sake dubawa, ki tambayi kanki, a farke nake? A mafarki agogo ba ya nuna lokaci ɗaya sau biyu, rubutu ma canzawa yake.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Kamar wata biyu bayan ɓatansa na koma barci bayan asuba, sai ga ni a kara. Na buɗe bakin wata saniya na gane inda nake, na ɗaga kai, sai ga yayanki a bakin turke da igiya a kafaɗa da 'yar hularsa da ta koɗe. Kin san ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. "Kai" nake ce masa, ko in ce wa innarki "ina yaron nan". Shekara ashirin da huɗu ban taɓa dafa kafaɗarsa ba, wai kunya. A mafarkin nan na ce ai babu mai ji na, na buɗe murya na ce, "Lawali!" Ga shi yau na rubuta. Ya juyo. Ni kuwa na kwasa da gudu, kafin in kai gare shi sai ga ni ina kallon rufin ɗaki. Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba ranar da ya ɓata.

Daga baya na gane murna mai yawa tana tashin mutum, tsoro ma haka. Idan kin gane mafarki kike, kada ki ruga wajen abin da ranki ke so. Ki tsaya inda kike. Ki murza tafin hannunki, ki taɓa abin da ke kusa, bango ko ƙasa. Ni tozon sa nake dafawa har in ji ɗuminsa. Ki ja numfashi ki faɗa da bakinki: sunana Kulu, ina kwance a ɗakin makaranta, yau rana kaza. Idan wuri ya fara dusashewa ki dubi ƙafafunki, kada ki ƙura wa fuskar kowa ido. Da haka na koyi zama da shi har mu yi hira. Sannan tunda maganar ta zo, idan Allah ya ba ki naki ɗan farin, ki yi kunyar da aka san mu da ita, amma ki samu wata rana ku biyu kaɗai ki kira shi da sunansa yana ji.

Da na iya zama da shi sai na kamu. Mahaucin da ya kamata gari ya waye masa a kwata, sai ga ni ina sallame asuba ina komawa shimfiɗa. Abokan sana'a su yanka su feɗe su raba, ni in iso rana ta ɗaga. Ƙailula kuma ta riƙa kai ni har la'asar ta kusa fita. Da barcin ya fara ƙi, na je kemis na sayo maganin mura mai sa barci, ina sha ba mura ba tari. Mafarkin ya dagule kamar ruwan gulbi da damina, in hango shi daga nesa ba fuska, in manta ma da buɗe bakin sa. Da rana kuma kaina nauyi, a yi mini magana sau uku kafin in amsa. Tabon nan na babban yatsana da na ce miki ƙashi ne ya goce da wuƙa, ƙarya na yi, gyangyaɗi nake ina sara. Innarki ta ɗaure mini shi da tsumma tana faɗa: "Malam, wanda yab ɓace ɗaya na. Kai kuma ina kat tahi? Ga ka nan kwance kullum, amma gidan ga babu namiji."

Ki ji ni da kyau a nan, don ke aikinki kusa da kabad ɗin magani zai kai ki, kuma za ki san sunan kowace ƙwaya fiye da mai kemis. Kada ki taɓa haɗiyar wani abu don ki yi mafarki. Ki ci abincin dare da wuri, mara nauyi, ki ajiye wayar nan, ki yi alwala da addu'o'inki ki kwanta ta dama, ki yi barcin da jiki ke buƙata ki tashi. Idan kin farka kada ki zabura. Ki ɗan yi shiru ki tuna abin da kika gani, in kina so ki rubuta a bayan littafi, sannan ki rufe littafin ki tafi aji. Duk mafarkin da na taɓa gani garau, a ranakun da na yi aikina na gaji na ci tuwo kaɗan ya zo.

Kuskuren da nake ganin kina dab da maimaitawa kuwa shi ne na Damri. A shekara ta biyu na daina maganin, mafarkin ya dawo tar. Na dafa tozo, na faɗi sunana, na natsu, sannan na tambaye shi, "Kana ina?" Ya ce, "Damri nike, Baba, gidan mai ɗori. Ƙahwata ta karye." Na ga gidan, na ga ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti da itacen tsamiya a gaba, har na ƙirga awakin da ke ɗaure. Na farka na ce wannan ba irin mafarkin mutane ba ne, ai ina cikin hankalina na ji. Ban yi shawara da kowa ba. Na shiga wajen innarki na ce ta shirya, an gan shi. Ban ce mata a ina aka gan shi ba.

Matar nan, Kulu, wadda ta fi shekara ba ta sa lalle ba, ta tashi ta dama fura, ta soya nama ta cika kwano, ta ɗauko sabuwar rigarsa ta sallah da bai taɓa sawa ba. Muka shiga mota zuwa Bakura, daga nan muka hau babura zuwa Damri. Muka bi gari lungu-lungu. Mai ɗori akwai shi, dattijon kirki, amma babu shuɗiyar ƙofa, babu tsamiya, kuma bai taɓa ganin mai hoton da muka nuna masa ba. Ya sa aka kawo mana ruwa, ya tambaye ni, "Wa yab ba ku labarin ga?" Innarki ta juyo tana jiran in ambaci sunan mutum. Na sunkuyar da kai na ce, "Mahwalki niy yi." Ta miƙa wa iyalinsa kwanon naman, ta rungume rigar. Sai da muka dawo gida ta ajiye mayafi sannan ta ce, "Malam, ka kashe man shi sau biyu. Kada ka ƙara." Tun daga lokacin hawan jinin nan ya kama ta, kuma na sani ni ne sila.

Akwai mafarkin ƙwarai, malamai sun faɗa, ban musa ba. Amma sun kuma faɗa akwai wanda zancen zuci ne kawai. Wanda kike ciki kina juya shi da kanki, kina tambaya ana ba ki amsa, daga zuciyarki amsar ke fitowa. Ni na taɓa jin ana yabon mai ɗorin Damri a kara, na taɓa ganin shuɗiyar ƙofa a wani gari, raina kuma yana son a ce karaya ce kawai ta hana shi dawowa. Zuciya ta haɗa su ta miƙo mini. Na tuna sunana a mafarkin, na tuna inda nake kwance, amma na manta wanda ya fi su duka, wato duk abin da ke wurin, har shi kansa, daga cikin kaina ya fito. Ki ƙara wannan cikin abin da za ki riƙa faɗa. Ke ma kin taso kina jin yayanki na cewa wata rana sai ya je ya ga karar Sakkwato da idonsa, to ina kike tsammanin zuciyarki za ta ajiye shi?

Za ki ce bayan Damri na hankalta. Ban hankalta ba, kin san taurin kan gidanmu, innarki kawai na daina faɗa wa. Wadda ta ci gaba da shan wahalar ita ce Saratu matar yayanki, da aka kawo ta gidan nan wata bakwai kafin ya ɓata. Sau biyu mahaifinta yana tasowa daga Bakura, ya zauna a zaure, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, yarinyar ga ƙuruciya gare ta. Mu tai ga alƙali shi duba muna abin da shari'a tac ce." Ni kuma in ce, "Mijinta na da rai, ko jiya na gan shi." Mutumin kirki ne, yana jin nauyina, sai ya tashi ya karkaɗe riga ya tafi.

Saratu ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. A shekara ta huɗu, wata rana na shigo da yamma, sai ta durƙusa nesa da ni kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, in ka sake ganin shi, ka tambaya man shi abin da yac ce za ya sawo man in ya dawo." Na ji daɗi, na ce yarinya ta yarda da ni. Bayan kwana kaɗan na same shi, na natsu na tambaya. Ya yi murmushi ya ce atamfa ce, ja mai ganye. Na fito tsakar gida da fara'ata na faɗa wa Saratu, innarki na tankaɗe tana ji. Hawayen Saratu suka riƙa ɗiga kan tabarma. Can ta ce, "Kihi na, Baba. Busasshen kihi na bakin dam. Ni nic ce mishi nama ya ishe ni."

Kifi, Kulu, a gidan mahauta! Ko shekara ɗari na yi ina mafarki ba zan kawo kifi ba, don ni a ganina babu mai ƙosawa da nama. Yarinyar da ba ta yi rabin shekaruna ba ta buɗe bakin mafarkina ta ƙirga haƙoransa, ni da nake taƙama da sana'ar ban yi ba. Abin da ban sani ba, shi ma na mafarkin bai sani ba. Duk da haka sai da na ƙara wata shida ina cewa Shaiɗan ne ya shiga tsakani, kafin na aika wa mahaifinta muka je gaban alƙali ya raba auren. Yanzu tana ɗakin mijinta a Bakura, Allah ya ba su zaman lafiya. Amma shekarun da ta yi tana shara a gidanmu tana jiran mafarkina, ba ni da inda zan samo su in mayar mata. Kada ki ɗaure rayuwar kowa da abin da kika gani ido rufe. In kina shakka ki yi yadda Saratu ta yi, ki tambaye shi abin da ba ki sani ba amma wani mai rai ya sani, sannan ki je ki ji.

Saura kuskuren da ya fi mini nauyi. Cikin watanni shidan nan da nake gardama da gaskiya, na ce ai ni zunubi ya yi mini yawa, shi ya sa ake mini ƙarya, amma yarinya mai tsarkin zuciya za a faɗa mata daidai. Lokacin kina da shekara goma sha shida, kin taɓa ba ni labari kina dariya cewa kin gane mafarki kike har kin tashi sama kin sauka kan rufin makarantarku. Ranar da innarki ta tafi barka na kira ki zaure. Na koya miki murza hannu da faɗin suna. Sannan na ce, "Kulu, aikenki za ni yi. In kin ga yayanki, ki tambaye shi inda yake, ki zo ki hwaɗa man. Kada innarki ta ji." Kika durƙusa kika ce, "To, Baba."

Na aiki yayanki Tsibiri da rana tsaka bai dawo ba, sannan na juya na aiki ƙanwarsa ta bi sawunsa cikin barci. Daga baya ni na farfaɗo, na je gaban alƙali, na fidda rai, na yi masa sadaka. Amma ban taɓa kiran ki na ce aiken ya tashi ba. Kunya ta hana ni, na ce yarinya ce, ta manta. Ashe ke ɗiyar kirki ce, ba a aiken ki ki dawo hannu rabbana. Shekara uku kina ɗauke da abin nan ke kaɗai. Na ga ramar da kika yi, na ga yadda kike komawa barci bayan asuba, na ce gajiyar karatu ce. Da azumin bana kika tsaya bakin zaure kika ce, "Baba, na samo. Shina karar Sakkwato, na ga har rigar da ag gare shi," idonki na ƙyalli kina jiran in yi murna. Duk abin da na rubuta a takardar nan a ranar ya kamata in faɗa miki. Sai na ce, "Allah shi sa," na sa takalmi na fita. Wannan "Allah shi sa" ɗin ne ya cike miki takardar Sakkwato, na sani.

To ga shi yau ina faɗa, a farke, da hankalina. Hauwa'u, na janye aiken. Ba ki gaza ba, ba ki yi ƙarya ba, ni ne na aike ki inda babu kowa. Ki yafe mini. Yayanki yana hannun Allah, ko yana bisa ƙasa ko yana cikinta, kuma in mai dawowa ne ya san hanyar gidan ubansa, ba sai an je kara an ɗauko shi ba. Idan ya zo miki a mafarki ki natsu yadda kika iya, ki gaishe shi, ki dube shi son ranki, ki yi masa addu'a. Kada ki tambaye shi inda yake. Ni ma haka nake yi yanzu, tsayawa kawai muke mu dubi shanu, kuma ya fi daɗewa tare da ni a haka. In kika farka da sunan wani gari a bakinki, ki kira ni kafin ki sa takalmi, ko ina tsakiyar fiɗa zan wanke hannu in ɗauka. Gobe idan motarku ta tashi zan shiga in faɗa wa innarki abin da na ɓoye mata shekara uku. Duk abin da ta ce na cancance shi.

Allah ya tsare ki a kwance da a tsaye, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane da na zuciya. Allah ya buɗe miki kai, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Allah ya jiƙan yayanki in ya riga mu, ya kiyaye shi in yana raye. Ki riƙe sallah kan lokaci, ki ci abinci, ki riƙa kiran innarki ko da ba ki da abin faɗa.

Idan an yi hutu ki shiga motar farko. Kada ki zo mini da labarin kowa, Kulu. Ku biyu Allah ya ba ni, na aiki ɗaya bai dawo ba. Ke ki dawo.

Wassalam.

Babanki.